Mutumin da ya yi hasashen yanayi da fensir



Yau Faransa zan kai ku, lokacin yaƙin duniya na farko. Akwai wani masani ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, wanda aƙidarsa ta hana shi ɗaukar bindiga, sai ya zama direban motar kwasar waɗanda suka ji rauni. Da zarar wuta ta lafa, sai ya jawo fensir da takarda ya duƙufa kan lissafin yanayi.

A lokacin masana sun san dokokin da iska da zafi ke bi, amma lissafin ya ƙi warwaruwa kai tsaye. To ga dabararsa. Ya yanka taswira gida-gida, kamar ramukan dara. Kowane gida ya rubuta masa nauyin iskarsa da zafinsa da gudun iskar. Sannan ya lissafa yadda maƙwabta za su sauya shi cikin ɗan lokaci. Tarawa ce da ɗebewa da ninkawa, amma fa dubbai.

Ya ɗauki awon ranar 20 ga Mayu 1910, yana neman abin da zai faru bayan awa shida kacal. Aikin ya ci masa wajen mako shida. Kun san me ya samu? Wai nauyin iska zai ƙaru da miliba 145, alhali a ranar kusan bai motsa ba. Kuskure ne babba.

Ni dai abin da ya fi burge ni, bai ɓoye ba. Ya buga sakamakon yadda yake a littafinsa na 1922. Har ma ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga yanayin duniya sauri. Shekaru da yawa bayan haka Peter Lynch na ƙasar Ayilan ya maimaita aikin, ya nuna cewa hanyar daidai take, alƙaluman farko ne ba a tace su ba.

A 1950, a Amurka, ayarin Jule Charney da John von Neumann suka ɗora irin wannan lissafi kan kwamfutar ENIAC. Hasashen kwana ɗaya ya ɗauke ta kusan kwana ɗaya. Charney ya aika wa Richardson sakamakon, ya gani da idonsa kafin ya mutu a 1953.