Giya da Sunan Kirista a Ƙasar Wurno

Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa har ya rasu a can a 1837, giya haramun ce a wannan yanki. Burukutu ya rage a hannun waɗanda ba su musulunta ba, can nesa da gari.

Zuwan Turawa bai soke hanin ba. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana kai barasar Turai ƙasashen da ba su saba da ita ba, Gwamna Lugga kuwa ya sa Arewa a cikinsu. Amma fa an bar ƙofa a buɗe: Bature na shan wuskinsa a kulob, baƙi 'yan Kudu kuma na samun giya a Sabon Gari. Da yake yawancinsu Kirista ne, sai talakan Rabah ya haɗa kwalba da coci, alhali 'yan mishan na SIM sun hana masu binsu sha sam.

A 2000 Jihar Sakkwato ta kafa shari'ar Musulunci, aka sake hana sayar da giya, amma zaton bai gushe ba. Faston da aka tura Goronyo, kafin ya buɗe Afisawa 5:18, maƙwabta sun riga sun tambayi abin da ake zubawa a ƙoƙon Jibin Ubangiji.