Da Hannu Muke Tsayar da Jini

Ana saura kwanaki in ajiye aiki, wata sabuwar ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni amfanin jakar yashin da ta tsinta a ƙasan kabad. Tambayar ta sosa mini rai, domin yarinyar ta kusa shekara a ɗakin zura bututun zuciya amma ba ta taɓa danne cinyar mara lafiya ba.

Lokacin da na fara aiki a Ingila, kusan kowa ta gindin cinya ake shigarsa, bisa hanyar da likita Judkins ya shimfiɗa a 1967. Likita ya gama nasa ya tuɓe rigar darma, saura namu. Ka zare bututun, ka aza yatsu uku ɗan sama da hudar, ka saki nauyin kafaɗarka a kai. Minti ashirin, wani lokaci fiye, ba ɗagawa, ba leƙe. Yatsu su mutu, baya ya ƙage. Sannan a ɗora jakar yashi, mutum ya kwanta rigingine awa shida. Sistar da ta koya mini, wata dattijuwa 'yar Jamaika, kan bugi hannuna in ta ga idona a kan na'ura. Fuskar mara lafiya za ka duba, in ji ta. Wanda ya fara hamma, goshi ya yi gumi, ya ce bayansa na ciwo, jini ne ke tsiyaya ta ciki, tun na'ura ba ta ce komai ba.

Mun fi shan wuya a farkon zamanin ragar ƙarfen da ake tokare jijiya da ita. Don kada jini ya daskare a cikinta, sai a haɗa wa mutum hefarin da wafarin da asfirin, cinya kuwa ta yi ta zuba. Antonio Colombo na Milan ne ya cece mu a 1995: ya leƙa cikin jijiya da na'urar sauti, ya ga ragar ba ta buɗewa sosai. Ya ce a hura balan-balan ɗin da ke buɗe ragar da ƙarfi, a bar wafarin. Yau yara na alfahari da hoton OCT na cikin jijiya, suna ba da maganin tikagirelo, kamar da su aka fara leƙen cikin jijiya. 

Ba na ƙin sabuwar hanyar shigar da bututu ta wuyan hannu. Tun da likita Kiemeneij ya fara sa raga ta nan a Amsterdam, zubar jini ta ragu, mutum kan tashi zaune ya sha shayi. Alheri ne. Damuwata ita ce cinya ta dawo, masu saninta sun tafi. Murfin zuciyar da Alain Cribier ya fara dasawa ta bututu a birnin Rouen na Faransa a 2002, yanzu galibi ta cinya ake shigar da shi, da bututu mai kauri, a jijiyar tsofaffin da ta riga ta ƙandare. Akwai na'urar ɗinke huda, amma takan ƙi kamawa. Ranar da ta ƙi, sai an samu mai danna da hannu har likitan fiɗa ya iso. Na roƙi shugabannin sashe su sa wannan cikin horon sababbi, aka ce babu lokaci a jadawali.