Labarin da Ake Farawa Tun a Kan Layi

Ranar 17 ga watan Yuli na shekarar 1955 aka buɗe Disneyland a garin Anaheim na Jihar Kalifoniya ta Amurka, watau makeken filin shaƙatawar nan da Walt Disney ya gina. Ranar ba ta yi armashi ba. An buga tikitin jabu, jama'a suka zarce adadin da aka gayyata nesa ba kusa ba, kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba har dugadugan takalman mata na nutsewa, ga layi ko ta ina. Tun daga ranar matsala guda ta fito fili: wasan da mutum ya zo dominsa, inda ake sa shi a 'yar mota ko kwalekwale a zagaya da shi cikin wani labari, mintuna kaɗan ne, amma jiransa kan kai sa'a guda.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi, 'yan'uwa marubuta, shi ne a ƙarshe masu tsara labari ne suka fi taimakawa wajen magance matsalar.

Da fari dabarar injiniyoyi aka yi amfani da ita, aka lanƙwasa layi yana kai da komowa kamar tafiyar maciji don kada mai jira ya ga iyakar tsawonsa. Wannan ta rage fushi, amma tsayuwa tana nan.

Canji na sosai ya zo da gidan fatalwa, The Haunted Mansion, a 1969, kuma tilas ce ta haife shi. Filin Disneyland kewaye yake da tudun ƙasa da layin dogo, kuma babu wurin da zai ɗauki ginin wasan a ciki, sai aka gina shi a waje. Ke nan dole a sauke mutane ƙasa su bi ta ƙarƙashin dogo. Sai masu tsarin suka mai da na'urar saukar da mutane wani ɗaki mai hotuna huɗu a bango. Ana rufe ƙofa ɗakin ya fara sauka a hankali, mutum ya ga bango yana tsawo, hotuna suna miƙewa. Budurwar da ya gani riƙe da laima cikin natsuwa, ashe a kan igiya take tsaye, ga kada ya wangame baki a ƙasanta. Wata murya kuma tana jan hankalin baƙi cewa ɗakin fa ba taga ba ƙofa. Kafin kowa ya hau komai, an riga an shimfiɗa masa labari. Da aka gina irin gidan a Jihar Fulorida a 1971 babu buƙatar sauka ƙasa, amma aka ƙi rabuwa da ɗakin; a can rufin ne yake yin sama. Abin da aka ƙago don ɓoye matsala ya zama babi na ɗaya da ba a iya yarwa.

A 1985 David Maister, wanda ya koyar a Jami'ar Harvard, ya yi rubutu kan halin ɗan Adam a layi, inda ya nuna cewa jiran da ba a yin komai a cikinsa ya fi yi wa mutum tsawo, haka ma jiran da ba a bayyana masa dalilinsa ba. Magina filayen sun riga shi ganewa a aikace.

A ganinmu ƙololuwar wannan fasaha ita ce Indiana Jones Adventure ta 1995. Nan ma an yi ginin a wajen fili, a tsohon wurin ajiye motoci, don haka tafiyar ta kusan rabin mil. Aka mai da ita kangon wani tsohon wurin bauta da masu tonon tarihi suke haƙa. Aka cika bango da wani rubutu na ƙirƙira, aka riƙa raba katin fassara shi, wanda kamfanin AT&T ya ɗauki nauyinsa. Akwai igiya da ta sauka cikin rijiya, an kafa allo cewa kada a ja. Wa zai ga haka ya wuce? Ana ja sai a ji ihun wani mai bincike daga ƙasa. Wannan tsohuwar dabarar mai tatsuniya ce, domin da zarar an ce wa yarinya kada ta buɗe ƙwarya, mun san inda labari ya nufa. Bambancin kawai, a nan mai sauraro ne yake buɗewa da hannunsa.

Daga nan abin ya yaɗu. A 2010 kamfanin Universal ya buɗe fadar Hogwarts ta littattafan Harry Potter a Orlando, inda layi yake ratsa azuzuwa, hotunan bango suna gardama da juna. A 2011 aka ƙara wa layin gidan fatalwa na Fulorida kaburbura masu kiɗa idan an taɓa su. A 2018 aka fito da manhajar wasanni ta waya don masu jira. Waɗannan biyun na baya ba su burge mu sosai ba, domin danna abu ya yi ƙara ba ya gaya wa mutum ko shi wane ne a cikin labarin, waya kuwa tana sa ya sunkuyar da kai ga barin ginin da aka ƙawata dominsa. Star Wars: Rise of the Resistance ta 2019 ta fi fahimtar al'amarin: ana ɗaukar baƙi a matsayin sababbin 'yan tawaye, abokan gaba su kama su, a jera su a kai su kurkuku. Jerin fursunonin nan shi ne layin, amma mutum bai cika lura ba.

Sai dai akwai wata igiyar da take ja ta ɗaya ɓangaren. Tun 1999 Disney ya fito da FastPass, takardar da take ba mutum lokacin dawowa ya shiga ta gajeriyar hanya, kyauta. A 2021 aka soke ta a filayen Amurka, aka maye gurbinta da tsarin biyan kuɗi. A wasanni da dama gajeriyar hanyar tana kauce wa wani sashe na ɗakunan da aka ƙawata, don haka wanda ya ƙara kuɗi yakan shiga labarin daga tsakiya, wanda ya tsaya a doguwar hanya kuwa shi yake ganin farkonsa.