Asalin Kalma: Talaka

Masana harshe da dama suna danganta kalmar talaka da harshen Buzaye, kuma akwai 'yar'uwarta a bakin Barebari, Yarabawa ma sun are ta. Tun fil'azal Bahaushe ba aljihu yake dubawa ba idan ya ce talaka, matsayi yake dubawa: duk wanda ba ya riƙe da sarauta talakan sarki ne. Shi ya sa manomin Malumfashi mai rumbuna cike da masara, ko dillalin auduga a Funtua, yake amsa sunan ba tare da jin kunya ba. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano da abokansa suka mai da kalmar tutar gwagwarmaya, kuma da sunan talaka gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana cikinta.

Yau kuwa, bisa koyi da Turancin ofis mai kauce wa ambaton talauci, sai mu ji "masu ƙaramin ƙarfi" da "marasa galihu". Wani zai ce ai wannan ladabi ne, rufin asiri ne. Gaskiya ne, ladabi abin so ne, amma mai ƙaramin ƙarfi tallafi yake jira, shi kuwa talaka haƙƙinsa yake nema a wurin masu mulki. Wanda ya yi wa manomi laƙabi mai laushi alhali buhun taki ya gagare shi, bai rufa masa asiri ba. Mu riƙe kalmarmu, domin talaka suna ne mai daraja.