Bangon da Ke Tsagewa Kafin Mako Ya Cika

Tun tsakiyar ƙarni na 17 William Harvey na Ingila ya bayyana zuciyar da aka tarar bangonta a tsage bayan an buɗe gawa, amma mu masu aikin zuciya mun shafe kusan shekara ɗari uku ba mu san wannan cuta ba sai a kan teburin binciken gawa. Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Jijiya ta toshe, tsokar da take shayarwa ta mutu, tsakanin kwana na uku da na bakwai naman ya yi laushi kamar tsumma jiƙaƙƙe, tabo kuwa bai kai ga ƙwari ba. Sai bango ya ɓarke, jini ya cika jakar da ke lulluɓe da zuciya ya shaƙe ta. Na'ura tana nuna alamar bugu, amma ka taɓa wuyan mara lafiya babu motsi.

Magabatanmu sun nemi mafita a kwanciya. A 1944 likitoci biyu, Jetter da White, suka ruwaito yawan wannan fashewa a tsakanin masu taɓin hankali da suka ci gaba da zirga-zirga bayan bugun zuciya, wannan ya ƙara wa likitoci ƙarfin kwantar da mutum mako shida, ko juyi ba ya yi sai da taimako. Daga baya wuƙa ta shigo: a 1957 likitan tiyata Denton Cooley ya ba da rahoton gyaran da ya yi wa ɓarakar bangon da ya raba ɗakunan zuciya na ƙasa. Aiki ne na jarumta, sai dai har yau da yawa ba sa tashi. A ganina abin da ya karya lagon cutar shi ne buɗe jijiya da wuri, domin tsokar da ba ta mutu gaba ɗaya ba da wuya ta yage. Kafin zuwan magungunan narkar da gudan jini, ɓarakar bangon tsakiya tana samun kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na waɗanda jijiyar zuciyarsu ta toshe. A gwajin waɗannan magunguna mai suna GUSTO-I ta sauko zuwa kashi 0.2 cikin ɗari.

Za a ce ai maganin narkar da gudan jinin kansa yana gaggauta fashewa. Haka ne, amma galibi ga tsofaffi da waɗanda aka ba shi a makare, wato jinkirin ne abin zargi. Za a kuma ce binciken gawa ya ragu, don haka wasu na wucewa ba a ƙirga su ba. Wannan ƙorafi yana da nauyi, na karɓe shi, sai dai na'urar hoton zuciya da ke gefen gado yanzu tana kama abin da a da ba a gani sai bayan rai ya yi halinsa. Tunda jinkiri ne babban hatsari, mai ciwon ƙirji da gumi kada ya bari gari ya waye masa a gida.