Kyarkeci a Amurka: Tarihin Taƙaddama Tsakanin Tarayya, Jihohi da 'Yan Asalin Ƙasa

Kafin zuwan Turawa, kyarkeci mai ruwan toka ya bazu a mafi yawan sassan Arewacin Amurka. Da baƙin suka shigo da garkunan shanu da tumaki, suka kuma ƙarar da ɓauna da sauran namun dajin da yake ci, sai ya koma kan dabbobin gida. Daga nan aka ɗaura masa yaƙi da tarko da guba da bindiga, ana biyan lada ga duk wanda ya kashe shi. A 1915 majalisar dokokin tarayya ta ware kuɗi domin wannan aiki, kuma a 1926 aka kashe na ƙarshe a gandun dajin Yellowstone. Zuwa 1960, in ban da Alaska, kusan babu inda ya rage a ƙasar sai arewacin Minisota da wani tsibiri a jihar Mishigan.

Al'amarin ya sauya a 1973, lokacin da Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar kare halittun da ke gab da ƙarewa. A 1974 aka fara sanya kyarkeci ƙarƙashinta. Bisa al'ada jihohi ne ke kula da namun daji, su ke ba da lasisin farauta. Amma da zarar dabba ta shiga wannan doka, ikon ya koma hannun gwamnatin tarayya har sai an cire ta. Nan ne tushen rikicin.

A 1995 da 1996 aka kwaso kyarketai 66 daga Kanada, aka saki 31 a Yellowstone, 35 kuma a tsakiyar Aidaho. Majalisar jihar Aidaho ta ƙi yarda hukumarta ta shiga shirin, saboda haka ƙabilar Nez Perce ce ta ɗauki nauyin sa ido a kansu. Dabbobin suka yi ta hayayyafa, makiyaya kuma suka yi ta kuka da asarar maruƙa da tumaki. Aka shiga shari'a bayan shari'a, har a 2011 majalisar tarayya ta cire kariyar a Aidaho da Montana ta hanyar wani sashe da ta cusa cikin dokar kasafin kuɗi. Wayomin ta bi sahu a 2017.

Ɓangare na uku su ne ƙabilun 'yan asalin ƙasa, waɗanda dokar Amurka ta amince suna da gwamnatocin kansu. A yarjejeniyoyin 1837 da 1842, al'ummar Ojibwe ta miƙa wa Amurka ƙasa mai faɗi, amma ta riƙe haƙƙin farauta da su a cikinta. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da wannan haƙƙi a 1983, daga baya aka ba su damar neman har rabin abin da aka yarda a kama a yankin. A wurin Ojibwe kuwa, kyarkeci, wanda suke kira Ma'iingan, ɗan'uwan mutum ne tun farkon halitta, kuma abin da ya sami ɗaya zai sami ɗayan. Don haka sukan karɓi kasonsu domin su bar shi da rai. Ba duk ƙabilu ne ke kan wannan ra'ayi ba: ƙabilun Colville na jihar Washinton sun halatta farautarsa a ƙasarsu.

Wannan saɓani ya fito fili a 2021. A watan Janairu aka cire kariyar tarayya a faɗin ƙasar, dokar jihar Wiskonsin kuwa ta wajabta buɗe farauta muddin babu kariyar. Kotu ta tilasta a yi ta a Fabrairu. An ƙayyade kyarketai 200, Ojibwe suka karɓi 81, aka bar wa mafarautan jiha 119. Cikin ƙasa da kwana uku, mafarauta, akasarinsu da karnuka, suka kashe 218, wato sun cinye nasu kason sun haɗa da na ƙabilun. Ƙabilun Ojibwe shida suka kai ƙara kotun tarayya a watan Satumba. A Fabrairun 2022 wani alƙalin tarayya a Kalifoniya, Jeffrey White, ya mayar da kariyar a mafi yawan jihohi, ban da yankin Aidaho da Montana da Wayomin.

Kowane ɓangare yana da hujjar da yake riƙe da ita. Makiyayi yana ƙirga dabbobin da ya rasa, jiha tana kare ikon da ta gada, tarayya tana bin dokar 1973, Ojibwe kuma suna dogara da yarjejeniyoyin da suka girmi jihar Wiskonsin kanta, wadda aka kafa a 1848.