Kura Da Shan Bugu: Tarihin Ceton Bankuna Kamar Yadda Muka Gan Shi Daga Ƙasar Gumel

A wannan makon zan ɗan ɗauke mu daga labaran da muka saba karantawa a nan, mu leƙa wani tarihi da ya taɓa aljihun kowannenmu, ko da kuwa mutum bai taɓa taka ƙofar banki ba. Maganar ita ce yadda gwamnatocin ƙasar nan suka yi ta ɗibar dukiyar jama'a suna ceton bankunan da suka durƙushe, da dalilin da ya sa talaka yake jin haushin abin. Ni mutumin ƙasar Gumel ne, don haka daga wannan lungu na bakin iyaka zan kalli al'amarin, wato daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

A ranar Juma'a 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, wanda bai fi wata biyu da 'yan kwanaki a kan kujerar ba, ya sanar da korar shugabannin bankuna biyar: Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank. A rana guda kuma ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su mutu. Zuwa watan Oktoba aka ƙara wasu biliyan 200 ga Bank PHB da Spring da Equitorial Trust da Wema, jimla ta zama biliyan 620. Don mai karatu ya fahimci girman wannan kuɗi, kasafin Jihar Jigawa gaba ɗayansa na shekarar 2009, da albashi da hanyoyi da asibitoci da makarantu, bai kai biliyan 100 ba. Wato abin da aka ba bankuna tara cikin wata biyu ya ishi jiharmu ta yi shekara shida tana gudanar da harkokinta.

To amma wannan ba shi ne farau ba. Tun kafin 'yancin kai ake wannan rawa. A 1956 Turawan mulki suka kafa kwamitin Foster-Sutton don ya binciki yadda aka zuba kuɗin gwamnatin Jihar Gabas a bankin African Continental, wanda ke da alaƙa da Dakta Nnamdi Azikiwe. A 1962 kuma kwamitin Coker ya binciki yadda kuɗin hukumomin Jihar Yamma suka riƙa kwarara zuwa kamfanoni da bankin da ke kusa da jam'iyyar da ke mulki a can. Mu ma a Arewa muna da namu. An kafa Bankin Arewa, wato Bank of the North, a 1959, zamanin Sardauna, don Bahaushe ɗan kasuwa ya samu inda zai nemi rance ba sai ya je ya durƙusa wa bankunan Turawa ba. Duk wanda ya san Kano ya san dogon gininsa na kan hanyar Zariya. Da aka raba Arewa zuwa jihohi, sai jihohin suka gaji mallakarsa, ciki har da Jigawa bayan an ƙirƙiro ta a 1991. Shekara da shekaru ma'aikatan gwamnati da dama a Arewa ta nan suke karɓar albashi.

Abin da ya ci Bankin Arewa shi ne abin da ke cin kayan gwamnati a ko'ina: kowa na ganin nasa ne wajen ɗiba, ba na kowa ba ne wajen tsaro. Manya suka karɓi rance ba su biya ba, har zuwa farkon shekarun 2000 bankin ya zama yana numfashi ne da bashin da yake ci daga Babban Banki. Ana cikin haka, a watan Yulin 2004, Farfesa Charles Soludo ya umarci kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa ya narke cikin haɗakar bankuna tara da ta haifi Unity Bank a farkon 2006, sunan da iyayenmu suka sani ya ɓace. Jihohin da suka mallake shi ba su taɓa zaunar da talakawansu sun karanta musu sunayen waɗanda suka cinye shi ba.

Sojoji ma sun gwada tasu dabarar. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa dokar soja ta hukunta masu karya bankuna, aka kafa kotuna na musamman, aka kulle manajoji da daraktoci da dama, wasu suka tsere ƙasashen waje. A watan Janairun 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. A wancan lokacin abin da hukumar inshorar ajiya ta NDIC ke lamunce wa mai ajiya bai wuce naira dubu 50 ba. Wanda ya ajiye fiye da haka sai ya jira a sayar da kadarorin bankin, in an samu rara a ba shi. Wannan shi ne ɗanɗanon barin banki ya mutu, kuma wajibi ne mu riƙe shi a zuciya, domin shi ne hujjar masu cewa ceto ya fi.

Bayan haɗakar Soludo sai aka shiga zamanin hannun jari. Daga 2006 zuwa farkon 2008 babu abin da kake ji a rediyo sai tallan bankuna suna kiran jama'a su zo su sayi hannun jari. Abin ya iso har ƙauyukanmu. Na san wani ɗan'uwanmu da ya sayar da bijimai biyu da ya yi wata da watanni yana turkawa, ya sayi hannun jarin wani banki saboda wani ma'aikacin bankin ya ce masa kafin baɗi kuɗin zai ninka. Takardar tana nan a akwatinsa har yau, ba ta sayen ko ɗan akuya. Abin da ba a gaya wa irinsu ba shi ne, wasu bankunan suna ba da rancen kuɗin masu ajiya ne don a sayi hannun jarinsu na kansu, farashi ya yi ta hawa a kan iska. Da rikicin kuɗi na duniya ya taso daga Amurka a 2008, farashin mai ya faɗi, baƙin masu zuba jari suka kwashe kuɗinsu, sai kasuwar hannun jari ta Legas ta zube, ta rasa fiye da rabin darajarta cikin shekara guda. Ranar wanka ta zo, cibi ya fito.

Da aka yi ceton 2009, fushin jama'a ya rabu gida uku. Na farko na 'yan majalisa ne, waɗanda suka tambayi da izinin wa aka fitar da wannan kuɗi alhali ba ya cikin kasafi. Babban Banki ya amsa cewa rance ne ba kyauta ba, kuma dokar da ta kafa shi ta ba shi ikon tallafa wa bankin da ya shiga matsi. Na biyu na wasu ne a Kudu da suka ce makirci ne na Arewa don ƙwace bankunansu, tunda Gwamnan ɗan Kano ne, Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma ɗan Katsina. Wannan hayaniya ta ƙabilanci ta cinye lokacin da ya kamata a yi amfani da shi wajen tambayar da ta fi muhimmanci. Na ukun shi ne na talaka, wanda ba a buga shi a jarida, sai dai ka ji shi a majalisar dare da teburin mai shayi: ina masu sa ido suke lokacin da ake wannan ɗiba? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi kansa Malam Sanusi, a laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero a Fabrairun 2010, ya lissafa raunin sa ido daga Babban Banki cikin dalilan da suka jawo rikicin.

Dalilin da ya sa mutanenmu suka yi saurin gane wannan tambaya shi ne sun san bashi. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis na daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma. Shanu da raƙuma da tumaki na shigowa daga ƙasar Damagaram da ma gaba da nan, ana loda su a manyan motoci zuwa Kudu, 'yan canji na juya naira da sefa. Kaso mai yawa na wannan ciniki a kan amana yake tafiya. Baƙo ya kawo dabbobinsa ya sauka a hannun dillali, dillali ya tsaya masa, ya kuma lamunce wa mai saye in kuɗi bai cika ba. In mai saye ya gudu, dillalin da ya ci la'ada shi zai biya, ko da zai sayar da gonarsa. In ya ƙi, shugabannin kara su zauna a kansa, sunansa ya ɓaci daga nan har cikin Nijar, kasuwa ta ƙare masa. Wanda ya tashi a cikin wannan tsari ba zai taɓa fahimtar yadda mutum zai ci bashin biliyoyi, ya ƙi biya, a kuma gan shi gobe a sahun gaba wajen taro ba.

Gaskiya ne an ɗan taɓa hukunci. Babban Banki ya buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu a watan Agustan 2009. A Oktoban 2010 kotu ta yanke wa tsohuwar shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ɗaurin wata shida, ta kuma miƙa kadarorin da aka ƙiyasta sun kai kimanin naira biliyan 190. Shari'ar Francis Atuche na Bank PHB kuwa sai a 2021 aka yanke ta a babbar kotun Legas, shekara goma sha biyu bayan an kore shi. Sauran bashin kuma aka nema masa gida. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta sayi ruɓaɓɓun basussukan bankuna ta bi su da kanta. A Agustan 2011 ta karɓe Afribank da Spring da Bank PHB, aka sauya musu suna zuwa Mainstreet da Enterprise da Keystone, aka zuba musu naira biliyan 679. Masu ajiya ba su yi asarar ko kwabo ba, amma ƙananan masu hannun jari a waɗannan bankuna uku sun tashi a tutar babu. An yi niyyar AMCON ta gama aikinta cikin shekara goma. Shekara goman ta cika tana bin bashin da ya haura naira tiriliyan 4, kuma shugabanninta da kansu suka bayyana cewa mutane da kamfanoni kimanin 350 ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na wannan bashi.

Wata biyar bayan an zuba wa bankuna uku biliyan 679, a ranar 1 ga Janairun 2012, gwamnati ta ce ba ta da kuɗin tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Jama'a suka fito zanga-zanga a Kano da Legas da sauran birane. Ko a Amurka haka aka yi: majalisa ta amince da dala biliyan 700 na ceton bankuna a Oktoban 2008, sai ga shi a Maris na 2009 kamfanin inshora na AIG, wanda aka ceta da kuɗin haraji, ya raba wa ma'aikatansa garaɓasar dala miliyan 165. Fushin nan iri ɗaya ne a ko'ina: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin bai tsaya nan ba. A Satumban 2018 aka soke lasisin Skye Bank, aka mayar da shi Polaris, AMCON ta zuba naira biliyan 786. A 2022 aka sayar da shi a kan biliyan 50, da sharaɗin masu sayen za su biya abin da aka zuba a hankali cikin shekara 25. A Yunin 2024 aka bar Heritage Bank ya mutu. Wata biyu bayan haka Babban Banki ya amince da tallafin rancen naira biliyan 700 don haɗe Unity Bank da Providus. Unity ɗin nan dai shi ne magajin Bankin Arewa, ka ga ke nan ciwon da aka rufe a 2006 bai warke ba.

Ni dai ra'ayina, ceton banki ba laifi ba ne a karan kansa. Wanda ya ga halin da masu ajiya suka shiga a 1998 ba zai so a maimaita ba, domin in banki ya faɗi, kuɗin malamin makaranta da na mai sayar da hatsi ne ke fara nutsewa. Laifin yana wajen yin ceton a ɗaki rufe, ba tare da an gaya wa masu dukiyar nawa aka ba da, nawa ya dawo, wa ya ƙi biya ba. Kuɗin da Babban Banki ke ƙirƙira ba daga sama yake faɗowa ba, yana dawowa ne a farashin kwanon gero. Ga kuma yankin ciniki maras haraji na Maigatari da gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa a farkon shekarun 2000 don fitar da riɗi da zoborodo da ƙaro zuwa waje, ya yi shekaru yana jiran masu zuba jari, manoman da ke noma waɗannan kaya kuwa in suka nemi rancen taki sai a tambaye su takardar mallakar fili da ba su da ita.

Saboda haka abin da nake ganin ya kamata mu riƙa tambayar 'yan majalisar da muke turawa Abuja daga wannan yanki abu uku ne. A tilasta buga lissafin kowane ceto duk shekara, da Hausa ma a karanta a rediyo. A hana duk wanda AMCON ke bi bashi kwangilar gwamnati da muƙami har sai ya biya. Sannan jami'in sa idon da banki ya ruɓe a ƙarƙashin kulawarsa shi ma ya zo ya yi bayani a bainar jama'a, kamar yadda ake kiran dillali.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya kare mana ɗan abin da muka tara. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.